Hutu a jirgin ruwa da karen taimako: Alaska, Karibiyan, Hawai, Turai, ko a bar shi a gida?

Mai karen taimako, ko karen jagora ne na mai lalurar gani, ko wanda aka horar ya ankarar da mai ciwon suga idan sugansa ya yi ƙasa, ko mai ɗauko wa na kan keken guragu abin da ya faɗi, idan ya yi niyyar hutu a babban jirgin ruwa yakan fara da tambayar wane kamfani ne ke karɓar kare. Amsarta ba ta da wuya. Royal Caribbean, Carnival, Norwegian, Princess, Cunard da P&O Cruises duk suna karɓar karen da aka horar don aiki, kuma ba a biyan ko sisi a kansa. A Amurka doka ce ta tilasta musu: a 2005 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Spector da kamfanin Norwegian cewa dokar ADA ta 1990, mai kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, tana hawa kan jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa muddin yana cikin ruwan Amurka. Tarayyar Turai ma tana da tata, mai lamba 1177/2010, wadda ta fara aiki a Disamban 2012. Karen da aikinsa kawai ɗebe wa mai shi kewa ba ya cikin wannan lissafi, Royal Caribbean ta daina karɓar irinsa tun 2018.

Inda gizo ke saƙar shi ne tashoshin da jirgin zai tsaya. Kyaftin ya yarda karenka ya hau, amma jami'in dabbobi na kowace ƙasa shi ke da ta cewa kan ko zai taka ƙasa. Don haka hanya za ka fara zaɓa, jirgi ya biyo baya.

Ma'aunin da za mu bi

Na farko takardu: nawa ne, kuma tun yaushe za a fara haɗa su. Na biyu kuɗi, wato tikitinka da abin da likitan dabbobi zai ci. Na uku juriyar karen kansa: kwana nawa zai yi bai taka ƙasa ba, wane irin zafi zai sha, teku na girgiza ko a'a. Na huɗu sauƙin sauka a tasha. Na biyar kuma abin da zai faru idan lamari ya ɓaci, misali karen ya kwanta rashin lafiya ko an hana shi shiga wata ƙasa.

Abin da ba ya canzawa ko wane jirgi ka hau

Babu likitan dabbobi a cikin jirgi. Asibitin jirgi na mutane ne. Abincin kare kai za ka zo da shi, kuma ma'aikata ba za su riƙe maka shi ba, ba kuma za a yarda ka kulle shi a ɗaki ka sauka yawo ba. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ke ɗaure mutum: duk tashar da aka hana karenka sauka, kai ma a jirgi za ka wuni, sai in kana tare da wanda zai zauna da shi.

Wurin fitsari da kashi akwati ne. Na Royal Caribbean ƙafa 4 ne tsawo da faɗi, cike da farfasasshen ɓawon itace, wani lokaci ciyawa idan an nema da wuri. Kamfanin yana son a sanar da shi kwana 30 kafin tashi. Nan ne yawancin tafiye-tafiye ke samun tangarɗa. Karen jagora an koya masa kada ya taɓa yin fitsari a cikin gini, shi kuwa jirgi a wurinsa gini ne, sai ka ga ya riƙe fitsari yini guda ko fiye, abin da kan jawo masa ciwon mafitsara. Maganin abin a gida yake: ka haɗa akwati mai wannan girma, ka zuba irin abin da kamfanin ya ce zai zuba, ka riƙa kai shi da kalmar umarnin da ya saba har mako 3 ko 4 kafin tafiya. Ranar da ka hau, kafin ka buɗe jaka ka nemi a nuna maka inda akwatin yake, ka ƙirga ƙofofi da hawa nawa ne tsakaninsa da ɗakinka. Idan ya yi nisa ko yana wurin da iska ke kaɗawa sosai, ka nemi a matso da shi tun jirgi bai tashi ba.

Karen Labrador mai kilo 30 yakan ci gram 300 zuwa 400 na busasshen abinci a rana. Tafiyar dare 7 ka ɗauki na kwana 10, kusan kilo 4, a buhunsa na asali, saboda guguwa ko lalacewar inji na iya ƙara kwana. Kada ka canza masa abinci a makon tafiya. Ka nemi likita ya rubuta maganin jiri da amai, wanda aka fi bayarwa shi ne maropitant, ana ba shi awa 2 kafin tashi. Ka saya masa rigar ceto daidai jikinsa, domin na jirgi na mutane ne. Ɗaki na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi ƙarancin girgiza. A wurin cin abinci kuma ido na kan ƙasa: inabi, busasshen inabi, cakulan da albasa duk guba ne ga kare, ga yara suna ta zubarwa.

Ga Musulmi, ɗakin jirgi ƙarami ne, kare da darduma za su haɗu a wuri ɗaya. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Hausawa ke bi, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. Ya isa a ba shi shimfiɗarsa a gefe guda, a naɗe darduma a sa a kabad bayan kowace salla, a goge ƙafafunsa idan ya dawo daga akwati.

Sai tushen duk takardu: maikirocif, wato ɗan ƙaramin abin shaidar kare mai lamba 15 da ake sa wa a ƙarƙashin fata, wanda dole a sa shi kafin allurar rigakafin ciwon haukan kare. Idan allura ta riga shi, ƙasashe da yawa ba sa ƙirga ta, sai an sake. Tun 1 ga Agustan 2024 duk karen da zai shiga Amurka, har wanda ya fita daga can zai koma, sai ya kai wata 6, yana da maikirocif, kuma an cike masa fom ɗin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a intanet, kyauta. Idan karen ya kasance a wata ƙasa da hukumar ta ɗauka mai haɗarin wannan ciwo cikin wata 6 da suka wuce, sharuɗɗan sun ƙaru sosai. Najeriya, Nijar da Gana duk suna cikin jerin. Wanda ya kai karensa gida bikin salla ya dawo, ya lissafa watanninsa kafin ya sayi tikiti.

Alaska daga Seattle ko Vancouver

Tafiyar dare 7 ce galibi, daga Mayu zuwa Satumba, ana tsayawa a Juneau, Skagway da Ketchikan. Duk ƙasar Amurka ce, dokar ADA na aiki a shago da mota da gidan abinci. Ƙasar waje ɗaya ce kawai, Kanada, domin wata doka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar waje ɗaukar fasinja tsakanin tashoshin Amurka zalla, shi ya sa masu tashi daga Seattle ke leƙa birnin Victoria na Kanada na 'yan awanni. Kanada takardar allurar haukan kare take nema, kuma ba ta cikin ƙasashe masu haɗari. Ka haɗa da takardar lafiya ta kwanan nan daga likita da fom ɗin CDC, ka gama.

Tikitin ya fi na Karibiyan tsada, amma kuɗin likita kaɗan ne. Yanayi ya dace da kare mai gashi: sanyi-sanyi, ga yawan ruwan sama, musamman a Ketchikan, don haka a zo da tawul biyu. A yawancin tashoshi jirgi na jingina da gaɓa, a sauka da ƙafa, kuma Juneau babban birnin jiha ne mai asibitin dabbobi. Bambanci ɗaya tsakanin tashoshin tashi biyun: na Seattle yakan bi ta wajen tsibirin Vancouver, cikin buɗaɗɗen teku, ranar farko na iya girgiza. Na Vancouver yana bin mashigar ciki mai kwanciyar ruwa. Karen da bai taɓa hawa ruwa ba, ta Vancouver ta fi masa. A ganina duk mai gwajin farko daga Amurka ko Kanada nan ya kamata ya fara.

Karibiyan daga Florida

Ita ce mafi arha a tikiti, ana yin ta duk shekara, daga dare 3 zuwa 7 ko fiye, kuma ita ce mafi rikici a takardu, saboda kusan kowane tsibiri ƙasa ce mai dokarta. Bahamas na son izinin shigo da kare da aka nema tun kafin tafiya. Jamaika, Barbados da tsibiran Cayman ba su da ciwon haukan kare kuma suna tsaron hakan da gaske: izini, da gwajin jini mai nuna ƙarfin rigakafi, wanda shirinsa kan ci watanni. Mutane da yawa ba sa ma nema, sai su zauna a jirgi ranar.

Akwai kuma tarkon dawowa. Jamhuriyar Dominika, Haiti, Belize, Honduras da Kolombiya suna cikin jerin CDC na ƙasashe masu haɗari. Karen da aka yi wa allura a Amurka, idan zai taka ɗaya daga cikinsu, sai likitan da ma'aikatar noma ta Amurka (USDA) ta amince da shi ya cike takarda ta musamman, ma'aikatar ta buga hatimi, kafin a bar Amurka. Ba a yin ta bayan an tafi. Ma'aikatar ba ta karɓar kuɗin hatimi a kan karen taimako, amma likita zai karɓi nasa. Meziko ba ta cikin wannan jeri, sai dai tun Nuwamban 2024 Amurka ta sa ta cikin ƙasashe masu tsutsar ƙudan da ke cin naman rauni, kuma karen da ya fito daga can ana neman masa takardar likita da aka bayar cikin kwana 5 kafin shigowa. Samun wannan a tsayawar awa 8 a tsibirin Cozumel na Meziko ba ƙaramin aiki ba ne.

Zafi shi ne ɗaya matsalar. Daɓen saman jirgi da kwaltar tasha sukan ɗauki zafin da ke ƙona tafin kare. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, idan ba ka iya jurewa na 'yan daƙiƙu shi ma ba zai iya ba, sai takalmi ko inuwa. Sauro na ɗauke da tsutsar zuciya, dole ya kasance a kan maganin rigakafinta. A Grand Cayman da Belize babban jirgi ba ya isa gaɓa, ƙaramin jirgi ke kwasar mutane, kuma tsallakawa daga wannan zuwa wancan ana tangal-tangal yana da haɗari ga kare da mai shi. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, kyaftin na iya canza tasha dare ɗaya ya kai ka ƙasar da ba ka da takardarta.

Duk da haka akwai hanyar rage wahala: a zaɓi tafiyar da ta fi tsayawa a San Juan na Puerto Rico da St. Thomas, waɗanda yankunan Amurka ne, a ƙara da Bahamas kaɗai, a yi ta tsakanin Disamba da Maris.

Hawai a jirgin Pride of America

Wannan jirgi na kamfanin Norwegian yana ɗauke da tutar Amurka, don haka ba ya buƙatar leƙa ƙasar waje. Dare 7 daga Honolulu, yana zaga Maui, Hilo, Kona da Kauai, kullum yana tasha. Ga kare wannan babbar riba ce, kusan kowace rana zai taka ƙasa. Wahalar duk tana bakin ƙofa: Hawai ba ta da ciwon haukan kare, kuma karen da bai cika sharaɗi ba ana iya killace shi har kwana 120. An ɗauke wa karen taimako killacewa idan yana da allura mai aiki, maikirocif, gwajin jini na FAVN mai auna ƙarfin rigakafi da sakamakonsa ya kai 0.5, takardar lafiya ta cikin kwana 30, da maganin kaska cikin kwana 14 kafin isowa. Ka fara shiri wata 3 kafin tafiya, domin sakamakon jini kan ɗauki makonni. Sai jirgin sama na awa 5 zuwa 6 daga gaɓar yammacin Amurka, da fom ɗinsa na ma'aikatar sufuri. Tikitin jirgin ruwan yana cikin masu tsada, kuma a Kona da ƙaramin jirgi ake sauka.

Turai: daga Southampton ko Barcelona

A nan inda kake zaune shi ke raba gardama. Mazaunin Tarayyar Turai mai fasfon dabbobi, idan ya hau a Barcelona ya zaga Faransa da Italiya, kusan babu wata takardar ƙari. Ya dai duba jerin tashoshi da kyau. Malta na son a ba kare maganin tsila, mai sinadarin praziquantel, ta hannun likita tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga. Tunisiya, Maroko, Masar da Turkiyya kuwa, karen da ya taka su ba zai koma cikin Tarayyar ba sai da gwajin jini. Idan an yi gwajin an rubuta a fasfo kafin a fita, shi ke nan. Idan ba a yi ba, jiran wata 3 ne. A lokacin zafi a sa masa abin wuya mai korar ƙwari, saboda ƙudan yashi na yankin Bahar Rum na yaɗa cutar leshmaniya.

Mazaunin Birtaniya tun Janairun 2021 sai ya karɓi takardar lafiyar dabba daga likitan da hukuma ta amince da shi cikin kwana 10 kafin shiga Tarayyar, kuma sabuwa kowace tafiya. Kamfani irin P&O Cruises yana son karen ya fito daga makarantar da ke cikin ADI ko IGDF, ƙungiyoyin duniya masu tantance makarantun horar da karnukan taimako, saboda haka wanda ya horar da nasa da kansa zai iya cin karo da ƙi, ko da a Amurka an karɓe shi. Dawowa Birtaniya ma sai da maganin tsila cikin waɗannan awanni 24 zuwa 120, wato dole ka nemo likita a wata tasha a tsakiyar hutunka, ka kama lokaci da shi tun daga gida, ka tabbata ranar ba Lahadi ba ce. Tafiyar Norwe kuwa maganin shiga ake nema, domin karen da ya dawo Birtaniya kai tsaye daga Norwe ba a neman masa na dawowa. Ga kuma dokar Tarayyar da ta hana shigo da abinci mai nama daga waje, don haka abincin kare a jirgi zai zauna.

Tsallaka Atlantika a jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard wani abu ne daban. Dare 7 tsakanin Southampton da New York, babu tasha ko ɗaya. Jirgin yana da ɗakunan karnuka 24 na masu biya, amma karen taimako a ɗakin mai shi yake kwana. Ƙasa biyu kawai za ka yi wa takarda, sai dai mako guda babu ƙasa, babu likita, ga tekun da kan yi fushi lokacin hunturu. Ya dace da mai ƙaura ko mai gudun doguwar tafiyar jirgin sama, da karen da ya riga ya saba da akwati.

A bar shi a gida

Wannan ma zaɓi ne na gaske, kuma kada kowa ya ji kunyarsa. Karen da ya tsufa, ko mai ciwon ciki da koda, ko mai firgita da ƙara, jirgi azaba ne gare shi. Cikin jirgi wuri ne da ake iya haddacewa cikin kwana biyu, da farar sanda da ɗan jagora mutum zai yi hutunsa ya sauka a kowace tasha. Kuɗin shi ne na wanda zai riƙe karen, da tikitin ɗan rakiya in ba a da shi. Ga mai farfaɗiya ko ciwon suga da karen ke ankarar da shi, sai ya zauna da likitansa a tsara abin da zai maye gurbin karen kafin a yanke shawara.

| Hanya | Takardu | Kuɗi | Wahalar kare | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Alaska | Kaɗan, mako 4 ya isa | Matsakaici zuwa sama | Kaɗan | Girgiza a hanyar Seattle |
| Karibiyan | Masu yawa, kowane tsibiri da nasa | Tikiti arha, likita tsada | Zafi da sauro | Hana sauka, canjin tasha |
| Hawai | Masu tsauri, sau ɗaya | Sama | Jirgin sama | Killacewa in takarda ta gaza |
| Turai, mazaunin Tarayya | Kaɗan | Matsakaici | Zafin bazara | Tashar da ke wajen Tarayya |
| Turai, mazaunin Birtaniya | Matsakaita | Matsakaici | Kaɗan a arewa | Rasa likita a hanya |
| Queen Mary 2 | Ƙasa biyu | Matsakaici zuwa sama | Mako babu ƙasa | Rashin lafiya a tsakiyar teku |
| Barin shi a gida | Babu | Mai riƙo, ɗan rakiya | Kewa | Rasa aikin da yake yi maka |

Wa ya dace da wanne

Mazaunin Amurka ko Kanada da zai gwada karo na farko, Alaska, kuma daga Vancouver in karen bai san ruwa ba. Wanda aljihunsa bai kai ba, ko yake son ya ga yadda karen zai yi da akwati, ya ɗauki dare 3 ko 4 zuwa Bahamas a lokacin sanyi, izini ɗaya kawai zai nema. Mai son rana da bakin teku wanda ba ya iya taka ko'ina sai da karensa, Hawai ta fi masa Karibiyan nesa ba kusa ba, in dai zai fara shiri da wuri. Mai keken guragu ya cire duk tashar da ake sauka da ƙaramin jirgi daga lissafinsa. Mazaunin Jamus, Faransa ko Italiya ya tsaya cikin Tarayyar, ya yi tafiyarsa a Mayu ko Oktoba. Mazaunin Birtaniya mai kare daga makarantar da aka amince da ita ya fara da gajeriyar tafiya ta ƙasa da kwana 5, domin maganin tsilar da aka ba shi a gida kafin tashi zai iya ɗaukar sa har dawowa idan lissafin awanni ya yi daidai. Wanda kuma karensa ya dawo daga Kano, Yamai ko Kumasi bai cika wata 6 ba, ya ɗaga tafiyar ko ya bar karen a gida wannan karon.